Shaidar wanda nasa bai dawo ba

Salama gare ku 'yan'uwa. Wannan ba irin shaidar da ake tashi a bayar a coci a yi tafi bace, shiyasa ma na gwammace in rubuta, don in na tsaya gaban jama'a na fara inaga kafin in kai rabi shugaban sujada zai soma duba agogo yana min alama da ido. A cocinmu, kuma nasan haka yake kusan ko'ina a garin Kaduna, lokacin shaida na waɗanda abu ya yiwa kyau ne, wanda ya samu aiki, wadda ta sauka lafiya, wanda mota ta kife dashi ya fito ko ƙwarzane babu, wanda aka ɗauke aka sako. Bance kar su bayar ba, su bayar, Allah ya isa yabo. Amma mu da namu bai dawo ba muna nan a benci muna tafi tare da kowa, littafi ɗaya ne a hannunmu da su, kuma muna da tambayoyin da bamu san inda zamu kai su ba.

Ni haifaffen Tudun Wada ne. Babanmu daga kudancin jihar ya zo ya kama aikin masaƙa a Kakuri, muna zaune lafiya da maƙwabta har rikicin shari'a na watan Fabrairun 2000, bayan nan muka haye kogi muka dawo Ungwan Romi kamar yadda dubban mutane suka yi, wasu suka yi kudu wasu suka yi arewa garin ya rabe. Masaƙa ta rufe, Baba bai jima ba ya rasu. Gadon da ya bar mana da za a nuna shine Littafi Mai Tsarki na Hausa bugun 1979 mai baƙin bango, wanda in ka ajiye shi a tebur da kansa yake buɗewa a Zabura 91, shafin ya yi duhu saboda yatsa. Kullum da asuba kafin ya fita sai ya karanta mana. Mama bata iya karatu sosai ba amma ta haddace ta tas, da ita ta yi renon mu, in zaka yi tafiya sai ta dafa kanka ta karanta maka. Ni kafinta ne, ina ƙofofi da benci da gado, akwatin gawa ma ina yi in an kawo aikin. Ranar Lahadi kuma ni ke koyar da ajin matasa a Sande sukul.

Autanmu direba ne, Sharon yake ja daga Sabon Tasha zuwa Kachia wani lokaci har Kafanchan. A shekarar 2021 ba wanda zai ce bai san halin da hanyar nan take ciki ba, a watan Yuli ne ma aka kwashe yaran makarantar Bethel Baptist sama da 100 a wajen Maraban Rido, mun yi azumi dominsu, mun ga iyaye zube a bakin titi suna kuka suna addu'a, ana sako yaran kashi-kashi. To amma mai mata da ɗa ba zai ajiye mota ba. A watan Oktoba suka tare shi gaba da Kufana suka shiga daji dashi da fasinjojinsa, cikinsu har da ɗan wani dattijon cocinmu, saurayi da zai je ɗaukar kaya a Kachia.

Lokacin kuwa an rufe netwok a wasu sassan jihar an kuma hana hawa mashin, wasu unguwanninmu na bayan gari ma abin ya taɓa su, sai na shigo cikin gari in samu gindin bishiya wajen stadiyom in zauna riƙe da waya ina jiran kira, wata rana daga safe har rana ta faɗi shiru. In sun kira zagi ne farko, sannan duka kana ji, sannan su sa masa wayar a kunne. Abin da yake cewa kullum ɗaya ne, Yaya ku yi ƙoƙari, a gaida Mama. Mun sayar da filin da na saya a Juji, mun sayar da keken ɗinkin matarsa, Zumuntar Mata suka yi karo-karo, alhajin da nake sayen katako a wurinsa a Panteka ya ƙirgo kuɗi ya bani yace in biya sanda na samu, har yau ban gama biya ba kuma bai taɓa tambaya ba. A coci aka yi kwanan addu'a, sunan mutum biyu ake kira a jere, ƙanena da ɗan dattijo, murya ɗaya amin ɗaya. Aka kai kuɗin duka biyun tare da katin waya da sauran tarkacen da suka ce a haɗo.

Ɗan dattijo ya dawo. Namu aka karɓi kuɗi, aka ce gobe, daga nan layi ya mutu.

Ranar sujadar godiyarsu mun je, don ba zai yiwu a ce bamu je ba. An yi rawa an kai baiko, doya da akuya da buhun masara, kuma har ga Allah na taya su murna, yaron a gabana ya girma. Sai baban ya karɓi makirfon yace shi ya san abin da ya fitar da ɗansa, Zabura 91 ce, a gidansa ba a kwana ba a tashi sai da ita, ya ɗaga murya ya karanta wurin nan da ke cewa dubu zasu faɗi a gefenka, dubu goma a hannun damanka amma ba zai zo kusa da kai ba. Coci ta ɗauka da haleluya. Mama na gefena, ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni, ta sunkuyo tace a hankali, wato Auta yana cikin dubun kenan?

Ban iya ce mata komai ba. Ni malamin Sande sukul.

Masu zuwa gaisuwa yawancinsu Allah ya saka musu, sun zo sun zauna sun yi shiru sun tafi. Amma akwai masu bayani, kuma kowannensu da ayarsa ya zo. Wani ya ja ni gefe yana tambaya wai ko Auta yana fidda ushiri, don Malakai 3 ta ce Allah zai tsauta wa mai cinyewa saboda masu bayarwa. Wata tace mu binciki gidanmu, kakanmu ai mai dodo ne, kuma an rubuta ana hukunta 'ya'ya saboda laifin iyaye har tsara ta uku da ta huɗu. Masu kirki sukan ce Romawa 8:28, kome yana aiki tare zuwa alheri, su faɗa da sauri kamar suna so su rufe maganar. Akwai kuma wani mai kiran kansa annabi da ke da coci a cikin shago, ya aiko wa Mama cewa an nuna masa yaron na da rai, a zo da kuɗin mai da na azumi. Ta je a ɓoye ba sau ɗaya ba. Ban ga laifinta ba, uwar da bata ga gawa ba duk wanda yace mata ɗanta na numfashi zata bishi.

Na ajiye koyarwa. Ba wai na daina yarda akwai Allah bane, abin da ya tsaya min a wuya lissafi ne mai sauƙi, ko dai littafin ya yi alkawarin da bai cika ba, ko kuma ƙanena ne bai cancanci alkawarin ba. Na biyun ko za a yanka ni ba zan yarda ba don na san yaron nan, na farkon kuma ina tsoron furtawa. Sai na zama mai zuwa coci a makare in zauna a baya in fita kafin albarka.

Akwai wani tsohon fasto mai ritaya a Gonin Gora, a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro ya yi karatu tun zamanin da turawan mishan ke koyarwa, ya yi shekaru yana aikin bishara a ƙauyuka, yanzu ido ya tafi sai dai ya gane haske da duhu. Shi ya yi wa Baba jana'iza. Ya aiko a kira ni wai gara ta cinye masa kantar littattafai in zo in gyara. Na je da guduma da ƙusa, kantar kam ta ci, amma daga baya na gane ba don ita ya kira ni ba. Ina cikin aiki yace ɗana, jikokina duk turanci suke karanta min kuma da gudu, in ka gama ka karanta min Hausa in ji daɗi. Yana da tsohon juyin nan na 1932, wanda su Likita Miller na Wusasa suka yi aikinsa, takardun sun yi ja suna karyewa, yace kar in taɓa wannan, in ɗauki irin na babanmu. Ayyukan Manzanni 12.

Na san surar, wa bai santa ba, na sha koyar da ita. Bitrus a kurkuku, ikkilisiya na addu'a, mala'ika ya zo sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. A kwanan addu'ar da aka yi mana ma ita aka yi wa'azi a kai. Sai na fara daga aya 5 inda aka saba farawa. Yace a'a, a gidan nan ba a shiga sura ta taga, koma aya 1. Na koma. Sarki Hirudus ya kama waɗansu na ikkilisiya don ya wulaƙanta su. Aya 2, ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. Zan wuce yace tsaya. Sake karantawa. Na sake.

Yace wannan Yakubun waye? Nace ɗan Zabadi. Yace shi da wa da wa Yesu ya ɗauka zuwa kan dutse ranar da kamanninsa suka sāke, su wa ya shiga da su ɗakin 'yar Yayirus, su wa ya ja kusa dashi a Getsamani? Nace Bitrus da Yakubu da Yohanna. Yace to cikin ukun nan da suka fi kowa kusa, sarki ɗaya ya kama biyu a gari ɗaya a lokaci ɗaya, ɗaya aka aiko masa mala'ika ɗaya aka sare shi, kuma Luka ya ba wanda aka sare layi ɗaya tak ya ba wanda ya fita kusan sura guda, amma bai ɓoye layin ba, mu ne muke tsallakewa. Kana tsammani ikkilisiya bata yi addu'a don Yakubu ba? Ko bai iya Zabura 91 bane, Bayahude da ya tashi da Zabura a baki? Ko ushiri ne bai fitar ba?

Na ajiye littafin a cinya, hannuna na rawa. Yace cigaba, akwai saura. Muka zo inda Bitrus ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan Maryamu uwar Yohanna Markus, yarinyar nan Roda ta ji muryarsa ta ruga ciki da murna ta manta bata buɗe ba, masu addu'a suka ce mata kin haukace. Tsohon ya yi dariya har da tari, yace kaga masu bangaskiyar da ake ce mana ita ta buɗe kurkuku, an amsa addu'arsu amsar na tsaye a waje tana buga ƙofa suna cewa ƙarya ne. In da ƙarfin bangaskiyarsu ne ma'auni da Bitrus ma bai fita ba. Kuma shi Bitrus ɗin ai ba tsira ya yi har abada ba, a Yohanna 21 Yesu ya riga ya gaya masa irin mutuwar da zai yi, tarihin ikkilisiya kuma ya ce a Roma aka kashe shi zamanin Nero. Jinkiri aka yi masa.

Daga ranar na riƙa zuwa duk sanda aiki ya yi sauƙi, ni ido shi kai. Dokarsa ɗaya ce, daga farkon sura zuwa ƙarshe, wani lokaci ma sai ya sa na koma surar baya. Shi ya gaya min lambobin nan da muke rantsuwa da su ba marubutan ne suka sa ba, surori sai a ƙarni na 13 aka raba su a yadda muke gani, ayoyin Sabon Alkawari kuma wani Bafaranshe mai buga littattafai ne ya sa musu lamba a 1551, don sauƙin nema kawai. Yace amma mun mayar da littafin kemis, kowa ya zo ya ce a ɓallo masa ƙwaya biyu na ciwon da ke damunsa, ba ruwansa da takardar da ke cikin kwalin.

Ni na kawo maganar Zabura 91 da kaina, da ɗan zafi ma. Nace Baba a bar zagaye-zagaye, an rubuta ba mugun abin da zai same ka, an rubuta ko ba a rubuta ba? Yace an rubuta, buɗe Matiyu 4. Ashe a duk Linjila wanda ya fara ɗauko Zabura 91 ya karanta wa wani Shaiɗan ne, a kan ƙololuwar Haikali, yace wa Yesu faɗa ƙasa ai an rubuta zai umarci mala'ikunsa su tallafe ka. Ayar gaskiya ce, bai ƙirƙira ba, amma ya mayar da ita takardar yarjejeniya da za a riƙe Allah da ita, Yesu kuma ya ƙi. Baba yace duk duniya wa ya fi Yesu zama a inuwar Maɗaukaki? To shi da wace Zabura ya mutu a baki, ba 22 ba, ya Allahna don me ka yashe ni? Sannan ya sa na karanta Zabura 88, wadda ban taɓa jin an yi wa'azi a kanta ba tunda nake, mutum yana kuka dare da rana daga farko har ƙarshe, ba inda ta juya ta zama yabo, da duhu ta rufe. Tsakaninta da 91 Zabura biyu ne kawai. Yace waɗanda suka tattara waƙoƙin nan ba wawaye bane, sun ga wannan sun ga waccan suka bar su a littafi ɗaya, don duka biyun masu bi ne suka rera su, 91 waƙar dogara ce kuma gaskiya ce Allah na tsarewa, sau nawa ƙanenka ya bi hanyar nan ya dawo, amma wanda ya riƙe ta shi kaɗai ya jefar da 88 zai zama mai taka masu makoki da ƙafa yana tsammani wa'azi yake.

Ibraniyawa 11 ma haka. Aya 34 tana yabon waɗanda ta wurin bangaskiya suka tsere wa kaifin takobi, ka sauko kaɗan aya 37 ga waɗanda aka kashe da takobi, aka jajjefe, aka tsaga da zarto, kuma marubucin ya haɗa su duka yace an shaide su saboda bangaskiyarsu. Jeri ɗaya. Na tuna ɗaliban makarantar horon limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau a hanyar Abuja, da aka ɗauke su huɗu a Janairun 2020, uku suka dawo aka kashe ɗaya ɗan shekara 18. A lokacin na ji labarin na ce Allah sarki na wuce, ban taɓa tambayar kaina yadda mutanen gidansu suke jin shaidar sauran ba.

Masu maganar la'anar kaka kuwa Baba bai ɓata lokaci a kansu ba, yace su je su karanta Ezekiyel 18 inda aka ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, da Yohanna 9 inda almajirai suka tambaya wa ya yi zunubi aka haifi mutumin nan makaho Yesu yace ba shi ba, ba iyayensa ba. Ya ƙara da ƙarshen Ayuba, inda Allah ya husata da abokan nan uku masu dogon bayani yace basu faɗi gaskiya game dashi ba kamar bawansa Ayuba, alhali Ayuba ne ya yi ta ƙorafi har yana la'antar ranar haihuwarsa.

Duk wannan ya wanke ƙanena, kuma ba ƙaramin abu bane a wurina. Amma bai amsa ainihin tambayar ba, kuma na faɗa masa. Nace to naji, ba laifinsa bane, amma me yasa? Allah yana iya fitar da biyu kamar yadda ya fitar da ɗaya, me yasa bai yi ba, kuma in ya san ba zai dawo ba me yasa ya bari muka sayar da keken ɗinkin yarinyar nan da yanzu da shi zata ciyar da maraya? Ya yi shiru har na zaci barci ya ɗauke shi, sannan yace ɗana ban sani ba. Na binne mutane da yawa, na binne 'yata, ban sani ba. Tunda nake ban taɓa jin fasto ya faɗi haka ba, kuma abin mamaki ranar na yi barci sosai. Ya nuna min inda Bitrus ya waiga ya ga Yohanna ya tambayi Yesu wannan fa, Yesu yace in na so ya zauna har in dawo ina ruwanka, kai dai bi ni. Gaskiya amsar nan har yau bata min daɗi, tana da kaushi, amma na fi yarda da ita akan ta mai maganar ushiri.

Ba a komai muka daidaita da Baba ba. Kan maganar ramuwa mun sha ja. Akwai lokacin da Zabura 58 da 109 ne abincina, a kakkarya haƙoransu, kwanakinsu su zama kaɗan, na zaci zai hana ni sai yace karanta da ƙarfi ma, a Ru'ya ta Yohanna 6 waɗanda aka kashe suna ƙarƙashin bagade a sama suna ta kira har yaushe ya Ubangiji, in su basu yi zunubi ba kai ma baka yi ba, amma ka lura wa suke gaya wa, sun kai ƙara ne basu ɗauki adda ba. Matasanmu kuma suna son Luka 22:36, wanda bashi da takobi ya sayar da rigarsa ya saya, Baba yace su ƙarasa surar su ga abin da ya faru da aka zare takobin, Yesu ya tsawata ya warkar da kunnen da aka sare. Nan na yarda dashi, bin mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba don yarensa ko addininsa ɗaya da masu laifi wannan kisan kai ne ko da wace aya aka yi shi, mu 'yan Kaduna mun ga inda yake kaiwa a 2000 da 2002 da 2011. Amma shi Baba har sintirin unguwa baya so, ni kuma ina fita, na ce masa Nehemiya ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Yace Nehemiya gwamna ne kai kafinta ne. Muka bar ta a nan.

Wata rana da yamma ina shago ina goge ƙofa sai ga ɗan dattijon nan. Tun ranar godiya yake guje min, in ya hango ni sai ya canza hanya, cocin ma ya daina zuwa. Ya rame. Ya zauna a kan katako yana wasa da ƙusa a hannu ya daɗe, sannan yace Yaya akwai maganar da ke hana ni barci. Yace abin da babana ya faɗa a coci ba haka bane. Ni tunda aka shiga da mu daji ko Addu'ar Ubangiji ban iya yi ba, zagin Allah nake a zuci, Auta ne mai addu'a, kowane dare in an ɗaure mu sai ya karanta mana Zabura 91 da ka a hankali don kar su ji, har wani ɗan kasuwa Musulmi da ke tare da mu yakan ce direba yi mana addu'ar nan taka, shima in ya yi tasa mu ce amin. In an kawo ɗan tuwon da ake bamu sau ɗaya a rana Auta yakan gutsura ya ƙara wa wani tsoho. Yace abin da ya jawo, cikin masu gadinmu akwai wanda Auta ya gane, ya taɓa ganinsa a tasha, shima ya gane an gane shi. Ranar da kuɗi suka iso aka kira shi aka zagaya dashi bayan dutse, muka ji harbi biyu.

Ya fashe da kuka yace ni da na zagi Allah nake yawo, wanda ya yi addu'a yana daji, kuma ana ɗaga ni a gaban coci wai ni ne hujjar Zabura. Ban san sanda na rungume shi ba, ƙurar katako duk ta ɓata masa riga. Na ɗauko littafin babanmu a cikin akwatin kayan aiki na buɗe masa Ayyukan Manzanni 12 nace karanta daga aya 1.

Da na gaya wa Mama ta saurara har ƙarshe bata yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi, da ka ya karanta ko ya manta wani wuri? Nace yaron yace duka yake karantawa. Tace to. Ta daina zuwa wurin mai shago, ta yarda aka sa rana aka yi sujadar jana'iza ba gawa, hoto aka ajiye a kan tebur. Na yi wa mutane da yawa akwati, ƙanena ban yi masa ba. Baba Fasto aka riƙo hannunsa ya yi wa'azi a kan aya 2 kaɗai, bai kai minti goma sha biyar ba, dattijon nan yana zaune a gaba kansa a ƙasa, bayan an tashi ya zo ya durƙusa gaban Mama, me suka ce ban ji ba ban kuma tambaya ba.

Na koma ajin matasa. Yanzu sura guda muke ɗauka mu karanta duka kafin kowa ya buɗe baki, kuma na ce musu ba tambayar da ta haramta, abin da ya jawo min ƙara wurin dattawa, wai ina koya wa yara shakka. A zaman da aka yi na roƙi abu ɗaya, duk ranar da za a yi godiyar wanda ya dawo daga daji a ware minti biyu a kira sunayen waɗanda basu dawo ba a yi addu'a don gidajensu. Wasu suka ce zai ɓata murna, aka yi ta ja, a ƙarshe aka yarda a riƙa yi amma a ƙarshen sujada bayan sanarwa. Na karɓa haka.

Da muka zo Ayyukan Manzanni 12 a aji na zaci na gama sanin duk abin da ke cikinta. Sai wata yarinya da babanta ɗan sanda ne ta ɗaga hannu tace Malam, aya 19 fa? Sojojin da ke gadin Bitrus, da gari ya waye ba a ganshi ba Hirudus ya tuhume su yace a kashe su. Tace su me suka yi, aiki aka sa su, mala'ikan da ya buɗe ƙofa bai san za a kashe su bane, su basu da 'ya'ya? Nace mata laifin kisan na Hirudus ne, kuma kafin surar ta ƙare shima hukunci ya same shi tsutsotsi suka cinye shi. Tace eh ta gani, amma wannan bai dawo da su ba. Nace gaskiyarki, sauran ban sani ba, zan tambayo. Na kai wa Baba, ya yi dariya yace shekara hamsin yana wa'azi ba wanda ya taɓa tambayarsa masu gadin nan, in kawo masa yarinyar su gaisa. Ya bani sunan wani tsohon ɗalibinsa da ke koyarwa a makarantar tauhidi a Jos, na tura masa tambayar ta WhatsApp, ya ga saƙon ya turo hannun addu'a yace zai duba littattafai. Ita kuwa duk Lahadi kafin mu fara sai ta ce Malam, mutumin Jos ya amsa?